Kwandon shara ba ya riƙe sirri

Wata safiya, bayan an kwana ana iska, na fito share ƙofar gida na tarar da tarkacen da iskar ta kwaso daga inda ake zuba shara ta jibge a gindin bango. Ledoji ne da busasshen ganye da 'yan takardu. Wata takarda ta maƙale a ƙarƙashin ƙofa, na sunkuya na zaro ta da niyyar jefawa a kwando. To, ido ba ya neman izini kafin ya karanta. Kafin in ankara na ga tambarin wani asibiti a sama, na ga cikakken sunan mace, da shekarunta, da lambar wayarta, da sunan gwajin da aka yi mata, da abin da gwajin ya nuna. Na san matar. Muna gaisawa kusan kullum. Ba ta taɓa gaya mini tana fama da wannan larura ba, ni kuma ba ni da hurumin sani.

Na yayyaga takardar na jiƙa ta har ta dagargaje, kuma ban taɓa furta wa kowa sunan matar ba. Sai dai abin da ido ya riga ya gani ba ya gogewa. Har yau in mun haɗu ta gaishe ni nakan ji nauyi, domin ina riƙe da wani abu nata da ba ita ta ba ni ba. Nakan kuma tambayi kaina, da a ƙofar wani iskar ta ajiye takardar fa? Wanda bakinsa ba shi da linzami, ko wanda ke da jiƙaƙƙiya da mijinta?

Babu ɓarawon da ya haura gidanta, babu wanda ya yi kutse a kwamfutar asibitin. Wani ne a gidan, ita ko ɗanta ko mai taya ta aiki, ya ga tsohuwar takarda ya dunƙule ya jefa a shara, yana ganin magana ta ƙare. Kusan dukkanmu haka muke yi. Mun ɗauki kwandon shara kamar rijiya mai zurfi, duk abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Alhali ƙofa ce ta biyu a gida, wadda ke buɗewa kai tsaye zuwa titi, kuma ita kaɗai ce ba ma sa wa kwaɗo.

A Amurka har kotun ƙoli sai da ta zauna a kan wannan magana. A 1984 wata jami'ar 'yan sanda a garin Laguna Beach na jihar Kalifoniya ta zargi wani mutum mai suna Billy Greenwood da sayar da ƙwaya. Ba ta da izinin kotu na binciken gidansa, sai ta roƙi mai kwashe shara ya ware mata ledojin da mutumin ya ajiye a bakin titi. Da abin da ta tsinto a ciki ta samo izinin shiga gidan. Shari'a ta yi ta tafiya har 1988, inda alƙalai 6 suka rinjayi 2 a kan cewa wanda ya fitar da shararsa bakin titi ba shi da sauran hujjar cewa sirrinsa ne, tun da kowa ya san dabbobi da yara da masu tsince-tsince da 'yan sa-ido duk hannunsu na iya kai wa gare ta. Mai shari'a William Brennan, ɗaya daga cikin biyun da suka ƙi, ya nuna cewa leda guda ta shara ta isa ta ba da labarin abin da mutum ke ci, da abin da yake karantawa, da lafiyarsa, da samunsa. A ganina duka ɓangarorin gaskiya suka faɗa, shi ya faɗi abin da ke cikin ledar, su kuma suka faɗi inda ledar take. Dokokin ƙasashe sun sha bamban a kan ko tona sharar wani laifi ne, amma iskar da ta kawo mini takardar nan ba ta san doka ba.

Sannan muna raina ƙarkon takarda. A farkon 1897 wasu matasan masana biyu daga jami'ar Oxford, Bernard Grenfell da Arthur Hunt, suka fara tona tsohon jujin wani gari a Masar wanda Girkawa ke kira Oxyrhynchus, yau kuma ake ce masa Bahnasa, kimanin kilomita 160 kudu da Alƙahira. Bola ce kawai suka tona, inda mutanen garin suka yi ɗaruruwan shekaru suna zubar da shara. Abin da suka kwaso ya kai gutsuren takarda wajen rabin miliyan, har yau ba a gama karanta su ba. Akwai littattafai a ciki, amma mafi yawa irin tarkacen da ke cikin durowar kowannenmu ne: rasit na haraji, yarjejeniyar haya, takardar bashi, takardar aure, wasiyya, wasiƙun gida. Har da wasiƙar wani yaro mai suna Theon da ya yi fushi da babansa don ya tafi Iskandariyya bai tafi da shi ba, yana ta barazanar ba zai ƙara yi masa magana ba, ba zai ci ba, ba zai sha ba. Wanda ya jefar da wasiƙar nan shekara kusan 1,800 da suka wuce ya ɗauka ya rabu da ita. Ga mu yau muna dariyar shagwaɓar yaron.

Za a ce bushewar hamada ce ta adana su, kuma haka ne. Amma William Rathje na jami'ar Arizona, wanda ya fara nazarin shara a 1973, daga baya kuma ya riƙa haƙa manyan jujin biranen Amurka, ya sha zaro jaridun da suka yi gomman shekaru a binne ana karanta su tsaf.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na daɗe ina faɗa: ni wane ne da wani zai ɓata lokacinsa yana tona sharata? Ba ni da wata dukiya a banki, kuma ai ɓarayin yanzu sun koma intanet. Rabin maganar gaskiya ne. Manyan sace-sacen bayanai na wannan zamani ta kwamfuta ake yin su, na mutum miliyoyi a lokaci guda, kuma ko ka ƙone kowace takarda a gidanka ba za ka hana wannan ba. Amma ɗan damfara na yau da kullum bai cika wahalar da kansa wajen fasa asusunka ba. So yake ka buɗe masa da hannunka, abin da yake nema kawai shi ne abin da zai sa ka yarda da shi. Ya kira ka ya ambaci cikakken sunanka, ya faɗi reshen da ka buɗe asusu, ya faɗi lambobin ƙarshe na asusun, ya ce ranar kaza an cire kuɗi kaza, ko kai ne? Ka ce ni ne. Daga nan jikinka ya saki, domin wa zai san wannan in ba banki ba? Sai ya ce an ga wani motsi da ba a gane ba, za a turo maka wata lamba yanzu, ka karanto masa a toshe. Duk abin da ya yi maka kwarjini da shi yana kan shafi guda na takardar bayanin asusu da ka dunƙule ka jefar watan jiya.

Kowace takarda ita kaɗai ba ta da wani nauyi, haɗuwarsu ce matsalar. Takardar kuɗin wuta ta ba da suna da adireshi. Tambarin da ke jikin kwalin saƙo ya ƙara lambar waya. Kwalin magani ya faɗi cutar da ke gidan da wanda ke fama da ita. Rasit na kuɗin makaranta ya ba da sunan yaro, da makarantarsa, da ajinsa. Tsohon fom da aka ɓata aka sake cikawa ya ba da ranar haihuwa, da sunan mahaifiya, da sa hannu. Mai riƙe da waɗannan yana iya kiran uwa da rana tsaka ya ce daga makaranta ne, ɗanki wane na aji kaza ya faɗi, muna hanyar asibiti, a turo kuɗi maza. Wace uwa ce za ta tsaya bincike a wannan lokacin?

Ko ɗan katin shiga jirgi da ake yarwa bayan an sauka ba abin rainawa ba ne. A 2020 tsohon firaministan Ostareliya, Tony Abbott, ya sa hoton nasa a Instagram. Wani matashi masanin kwamfuta mai suna Alex Hope ya ɗauki lambar ajiyar kujera da ke jiki, ya haɗa da sunan mai katin, ya shiga shafin kamfanin jirgin, cikin ƙasa da awa guda ya ga lambar fasfonsa da lambar wayarsa. An yi sa'a yaron kirki ne, ya kai rahoto aka gyara. Abin da ke cikin hoton nan shi ne ke jikin katin da kake bari a aljihun kujera.

Duk da haka, ba tsoron ɓarawo ne ya fi damuna ba. Ka zauna wata rana ka zazzage durowar takardunka ka duba sunayen da ke ciki. Za ka yi mamakin yadda naka bai fi rabi ba. Ga sakamakon gwajin matarka, ga rahoton makaranta na ɗanka na shekarar da bai yi ƙoƙari ba, ga kwafin katin shaidar wanda ya taɓa zama a gidanka haya, ga na wanda ka taɓa ɗauka aiki, ga takardar da ƙaninka ya sa hannu ranar da ya ranci kuɗi a wurinka yana sunkuyar da kai, ga wasiƙar da wata 'yar'uwa ta rubuto lokacin da aurenta ke tangal-tangal. Duk waɗannan mutane sun miƙa maka takardun ne saboda wata buƙata, buƙatar ta wuce, takardun suka zauna. Mutum yana da ikon ya yi sakaci da sirrin kansa, ya ce ni ban damu ba. Ba shi da wannan ikon a kan sirrin wani. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna kuma yaba wa mai riƙe magana, muna ƙin mai tsegumi. Amma mutumin da ko da wuƙa a wuya ba zai faɗi cewa ƙaninsa ya ci bashi ba, shi ne zai jefa takardar bashin a kwando ɗungurungum, da suna da adadi da sa hannu. Bakinsa ya riƙe amana, hannunsa ya saki.

Dokar Amurka ma ta taɓo wannan gefen. Ƙa'idar zubar da bayanai da ta fara aiki a watan Yuni na 2005 ba kamfanoni kaɗai ta ɗaure ba, har mutum ɗaya da ya nemo rahoton bashin wanda zai ba haya ko mai rainon da zai ɗauka, an wajabta masa ya ƙone, ko ya niƙe, ko ya daddatse takardar yadda ba za ta karantu ba. Ita kuwa babbar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, da kanta ta cire harkokin cikin gida zalla daga hurumin da take iko da shi. Wato akwai iyakar da hukuma ke tsayawa, daga nan sai halin mai gida.

To yaya ake yi? Yagawa gida biyu ko huɗu dai sanyaya zuciya ce kawai. A ƙarshen 1989, da gwamnatin Jamus ta Gabas ta kama hanyar rushewa, jami'an hukumar leƙen asirinta, Stasi, suka duƙufa lalata fayilolin da suka tara a kan jama'a. Injinan yanka takarda suka gaji suka lalace, aka koma yagawa da hannu, aka cika buhu wajen 16,000. Daga 1995 aka zaunar da ma'aikata suna baza gutsuren a tebur suna liƙawa, sun kuma dawo da shafi sama da miliyan ɗaya da rabi. Abin da ya taimake su shi ne mai yaga takarda wuri guda yake zuba gutsurenta, don haka ɓangarorin shafi ɗaya suna buhu ɗaya, kusa da juna. Haka ledar shararka take.

Injin da ke yanka takarda sirara-sirara dogaye bai fi hannu da yawa ba. Da ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran ranar 4 ga Nuwamba 1979, sun tarar da tarin takardun da ma'aikata suka yanka cikin gaggawa. Suka zauna suka jera siraran ɗaya bayan ɗaya, suka buga abin da suka haɗa mujalladi-mujalladi. A 2012 kuma, a faretin da kamfanin Macy's ke shiryawa duk shekara a New York, 'yan kallo suka lura cewa wasu yankakkun takardu da aka watso musu don ado akwai rubutu a jiki: sunayen jami'an 'yan sandan gundumar Nassau, da lambobin shaidarsu, da lambobin motoci. An yanka su kam, amma an bi layin rubutu ne wajen yankan, sai kowane siriri ya fito da jimlarsa cikakkiya.

Ga mai niyyar sayen inji, akwai mizanin da Jamus ta fitar a 2012 mai suna DIN 66399, wanda ya kasa su mataki 7, daga P-1 zuwa P-7, shi ne lambar da ake gani a jikin kwali. P-2 yana fitar da siraran da faɗinsu bai wuce milimita 6 ba, wato shafin A4 ya tashi yanki 35 ko sama kaɗan. P-4 yana yanka tsaye da kwance, shafi ya zama gutsure wajen 400, P-5 kuma sama da 2,000. Don takardun gida P-4 ya wadatar. A 2011 hukumar bincike ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, ta sa gasar dala 50,000 ga wanda zai haɗa takardu 5 da aka daddatsa gutsure sama da 10,000, wasu masana kwamfuta daga San Francisco suka cinye cikin kwana 33. Akwai masu kawo wannan a matsayin hujjar cewa injin ma banza ne. Ni akasin haka na gani. Takardu biyar kacal, ga ƙwararru, ga manhaja ta musamman, amma sai da suka haura wata guda. Mai tona kwandon gidanka ba shi da wannan haƙurin, in ya ga gari gaba zai yi.

Ba kowa ke da inji ba, ban kuma ga dole sai an saya ba. Wuta ce ke fara zuwa wa mutane a rai, ita ce kuwa ta fi yaudara. Takarda guda nan take take ci, amma damin takardu kamar guntun katako yake, gefe ya ƙone tsakiya na nan lafiya lau saboda iska ba ta shiga. Wadda ta ƙone ɗin ma, in ba a murƙushe ta ba, ka karkata ta a haske za ka ga rubutu yana sheƙi a kan baƙin. Ga zafin wutar yana ɗaga shafukan da ba su gama ci ba ya tsallakar da su katanga. Wanda zai ƙona ya yi a cikin garwa, kaɗan-kaɗan, a dunƙule, yana juyawa da sanda, in ta mutu ya zuba wa tokar ruwa ya dama. Ban da masu leda a jiki, don hayaƙinsu cuta ne, kuma birane da yawa sun hana ƙona shara a fili. Shafe suna da baƙin alƙalami shi ma ba abin dogaro ba ne, rubutun firinta yakan leƙo ta ƙarƙashin tawada. Gara a yanke wurin da almakashi a lalata shi dabam, sauran shafin ya tafi inda ake sake sarrafa takarda. Wannan ma yana rage aiki, domin a cikin ambulan mai shafi shida wataƙila biyu ne kawai ke ɗauke da suna. Rasit mai santsi irin na injin biyan kuɗi kuwa zafi ke baƙanta shi, kuma sinadarin da aka daɗe ana shafa masa, BPA, Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi tun Janairun 2020. Irinsa a yayyanka shi ƙanana a zubar, kada a sa shi a taki. Katin banki da ya ƙare aiki a datse shi ta kan ɗan ƙarfen nan da ta kan lambobi, a zubar da gutsuren a ranaku dabam-dabam.

Sai dai kada garin gyaran gira a rasa ido. Na ga mutumin da tsoro ya kama bayan an damfari abokinsa, ya tashi rana ɗaya ya ƙone komai, bayan shekara biyu aka ce ya kawo shaidar ya gama biyan wani bashi, ya rasa ta cewa. Takardar haihuwa, da ta aure, da ta mutuwa, da ta mallakar gida ko fili, da shaidar karatu, da wasiyya, da takardun fansho, waɗannan ba a taɓa su har abada, wurin ajiya mai kyau suke so, nesa da ruwa da gara. Takardar da ke nuna an gama biyan bashi ta fi takardar bashin kanta daraja. Na haraji kowace ƙasa da wa'adinta: a Amurka shekara 3 ne a mafi yawan lokuta, a Birtaniya mai sana'ar kansa aƙalla shekara 5 bayan wa'adin miƙa bayani na 31 ga Janairu. Duk takardar da ake rigima a kanta kuwa, ko ake shirin yi, ko kallon ashana kada ta yi. Kamfanin Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan masu binciken kuɗi biyar na duniya a lokacin, ya daddatsa tarin takardun Enron, kamfanin makamashi na Amurka da yake binciken kuɗinsa, a 2001, aka same shi da laifin hana shari'a aikinta a 2002. Kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin a 2005, amma a lokacin kamfanin ya riga ya watse. Zaɓen abin da za a ajiye ya fi lalatawar wuya nesa ba kusa ba, shi ya sa mutane ke ɗage aikin har kwali ya cika, ranar tashi daga gida kuma a kinkime shi gaba ɗaya a kai bola.

Ba zan ɗora wa magidanci laifin duka ba. Wa ke haifar da takardun nan? Kowane ofishi ka shiga sai an ce kawo kwafin katin shaida, kawo hoto biyu, cika fom uku, ko da sun karɓi irinsu bara. Banki ya aiko maka da shafi huɗu don ya gaya maka abin da layi biyu ya isa. Ba wanda ke ce maka ga ranar da za mu lalata kwafin nan, ga kuma yadda za mu yi. Injin fotokwafin kansa ba kurma ba ne. A 2010 gidan talabijin na CBS ya sayi tsofaffin injina 4 a wani ɗakin ajiya a New Jersey, aka ciro ma'ajiyar bayanan da ke cikinsu, sai ga hotunan dubban takardun da aka taɓa kwafa, har da na 'yan sanda da na marasa lafiya. Kamfanin inshorar lafiya da ya yi amfani da ɗaya daga cikinsu, Affinity Health Plan, ya biya dala miliyan 1.2 a 2013. Ra'ayina shi ne wanda ya ɗora wa jama'a takarda ya taya su sauke ta. Me zai hana kowane banki da asibiti da ofishin haraji su ajiye akwati mai kwaɗo a bakin ƙofa, wanda kowa zai iya zura tsofaffin takardunsa a daddatse su a gabansa? A wasu biranen duniya ana ware rana, motar da ke ɗauke da babban inji ta zo unguwa, mutane su fito da kwalayensu. Abin bai fi ƙarfin kowace hukuma ba. Kafin a kai can, ni dai duk kwafin da zan bayar sai na rubuta a kansa, ta kan hoton, wurin da na ba wa da dalili da kwanan wata, don kada ya yi wa wani amfani a wani wuri.

Ni ruwa na fi yarda da shi, kuma a wurin mahaifiyata na ga an yi shi yadda ya kamata. Bayan rasuwar mahaifinmu da wasu watanni ta kira ni ta turo mini akwatinsa na ƙarfe, ta ce in zauna mu duba. Mun yi yini biyu. Ta sa na kasa su kashi uku a ƙasa: na ajiyewa, na tambaya, da na ruwa. Can ƙasan akwatin muka tarar da wani ƙaramin littafi mai baƙin bango, sunayen mutanen da suka ranci kuɗi a wurinsa cikin shekaru masu yawa, kowa da adadinsa da ranarsa. Wasu an rubuta “ya biya”. Wasu ba a rubuta komai ba. Wasu kuma ya ja layi a kai da hannunsa, a gefe ya rubuta “na yafe”, da kwanan wata. Na san da yawa daga cikinsu. Akwai wanda yanzu babban mutum ne, akwai wanda ya rasu 'ya'yansa abokaina ne.

Na ce, “Inna, wannan ai tarihi ne, a bar shi mana.”

Ta ce, “Tarihin wa? Waɗanda ba a rubuta komai a gabansu ba ka kwafe su a takarda dabam, haƙƙin magada ne, za a bi a hankali. Waɗanda ya yafe kuwa, shi da ya ba su bai gaya maka ba, ni da nake ɗaki ɗaya da shi bai gaya mini ba. Kai ne za ka ajiye wa jikoki su karanta?”

Na yi shiru na ɗauko bokiti. Ta ce ruwan ya zama mai ɗumi, a zuba garin sabulu kaɗan. Muka cire ƙusoshin da ke maƙale da shafuka, muka ɓare ledar tagar ambulan, muka yayyaga komai ƙanana, don takarda in ta shiga ruwa a dami manne wa juna take yi ta ƙi narkewa. Waɗanda aka lulluɓe da roba ta ware su gefe ta miƙo mini almakashi. Muka rufe bokitin ya kwana. Washegari tawadar biro ta bi ruwa ya koma shuɗi-shuɗi, amma rubutun inji na nan daram a kan gutsuren, sai da na sa muciya na yi ta tuƙawa har hannuna ya gaji kafin komai ya dame ya zama kamar tuwo mai launin toka. Muka tace a tsohon buhu, muka matse, muka dunƙula curi-curi muka jera a rana.

Shafukan “na yafe” ita ta yage su daga littafin da hannunta, ba ta bari na ƙara kallo ba. Tana cikin zubawa ta tsaya a kan wata takarda da ta faɗo daga tsakiyar littafin, mai ninki huɗu, ta yi laushi don tsufa. Ta buɗe ta duba, ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar da ninkin ta soke a gefen zaninta. Na ce ta wane kashi ce wannan? Ta ce in ci gaba da tuƙi, ruwan bai gama cin na ƙasa ba.